Wasiƙa Zuwa ga Manajojin Masana'antun Bompai da Sharaɗa



Ya ku 'yan'uwa waɗanda Allah ya ɗora wa amanar tsayawa tsakanin mai dukiya da ɗan ƙwadago, na rubuto muku ne a kan gunagunin da ake ji a ƙofofin masana'antunku idan an tashi aiki, wanda galibinku kuke zaton ƙarancin albashi ne kaɗai sababinsa.

Haƙiƙa albashin ya yi kaɗan, domin naira 70,000 da hukuma ta yanka a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, bayan janye tallafin mai a 2023, ba ta kai magidanci ƙarshen wata. Amma ma'aikaci yana yi muku uzuri, tunda shi ne tsaye gaban inji sa'ad da wuta ta ɗauke, kuma da hannunsa yake ɗura wa janareta man dizal. Abin da ke ci masa rai shi ne a kai goma ga wata ba a biya ba, mai shagon unguwa ya rufe masa littafin bashi, sa'an nan babu babba ko ɗaya da zai sauko ya ce masa uffan; ran da kuɗin suka fito kuma ya tarar an zaftare wani abu da sunan tarar makara, alhali ba a taɓa karanta masa wannan ƙa'ida ba.

Malamanmu na Malikiyya sun sharɗanta a babin ijara cewa lada ya zama sananne tun kafin a fara aiki, kuma dokar ƙwadago ta Nijeriya ta wajabta a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗansa cikin wata 3. To, ina hujjar barin mutum shekara da shekaru a matsayin leburan wucin gadi, ba takarda, ba fansho?

Shawarata, idan biya zai yi jinkiri, ku tara ma'aikata da kanku, kada ku aiko helma; ku faɗi dalili, ku ambaci rana, ku cika. Wanda ya miƙe ya yi magana a madadinsu kuma, kada ku sa masa ido don neman hanyar sallamarsa, gama ran da aka kore shi sauran za su yi shiru, ku kuwa ba za ku sake jin labarin ɓarna ba sai ta auku. Kuma ku kai wa masu dukiya wannan magana yadda take, ko da ba za ta yi musu daɗi ba.

Wassalam.