Musa Ma'azu ya yi nasa, ina hanyar da na biyu zai bi?



Duk ranar da Mena ta buga wasa aka tashi ba ta ci ko ɗaya ba, magana guda ce ke dawowa a fada da teburin mai shayi: ba mu da mai cin ƙwallo. Daga nan sai sunan Musa Ma'azu ya fito, sai wani ya taɓe baki ya ce ai shi ma yawo kawai ya yi, ƙungiya bayan ƙungiya, bai zauna ko'ina ba, ya ɓata baiwar da Allah ya ba shi. Kan wannan magana muke so mu tsaya yau. Ba mu yarda da ita ba, kuma tana rufe ma mutane ido daga inda ciwon yake.

Mu fara da abin da ya faru. An haifi Ma'azu a Yamai a 1988, ya taso a ƙungiyar sojoji ta ASFAN. A farkon 2008, yana da shekara 19, ya tafi Lokeren ta ƙasar Beljiyam. Shekara ɗaya ya yi yana zura ƙwallaye, sai CSKA Mosko, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin Rasha, ta saye shi a kan kuɗin da jaridu suka ce sun kusa yuro miliyan 5, wato sama da miliyar 3 na sefa. Yaro ɗan shekara 20, daga zafin Yamai zuwa ƙanƙarar Mosko cikin ɗan lokaci kaɗan, ga harshen da bai taɓa ji ba.

Abin da masu zagi ba su faɗi shi ne, a shekarar 2009 ɗin nan da ya shiga, CSKA ta yi masu horarwa uku. Ziko na Brazil ya fara, aka sallame shi, aka kawo Juande Ramos ɗan Sifen, bai yi wata biyu ba shi ma ya tafi, sannan Leonid Slutsky ya karɓa. Duk wanda ya san balo ya san mai horarwa in ya zo, da nasa tsarin yake zuwa, da nasa mutane. Sabon yaro da bai riga ya kafa ƙafa ba shi ke fara zama benci.

Daga nan aka fara ba da shi aro. Ga wanda bai san yadda abin yake ba: ƙungiyar da ta saye ka tana riƙe da kwantiraginka na shekaru, in ba ta da wurinka sai ta tura ka wata ƙungiya ka yi wata shida ko shekara ka dawo. A Janairun 2010 aka tura shi Monako, kuma can ya nuna ko shi wane ne. Shi ya ci ƙwallon da ta fitar da Lens a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Faransa, ta kai Monako wasan ƙarshe da PSG. A Bordo abin bai yi kyau ba, wannan gaskiya ce, kuma ba mu ce shi waliyyi ne ba. Ya koma Monako a farkon 2011, sai ga rauni a gwiwa. Bayan haka Zulte Waregem, Le Mans, Etoile du Sahel ta Tunisiya, Guimaraes da Maritimo a Fotugal, inda ya sake shiga sahun masu yawan cin ƙwallo a gasar ƙasar a rabin farko na kakar 2014 zuwa 2015, sai Sin, sai Danmak, sai Ajaccio da Lens. Wannan shi ne abin da ake kira yawo. Mu abin da muke gani, mutum ne da ya faɗi sau da yawa yana tashi, ƙungiyoyi na ta nemansa sama da shekara goma. Dan Allah, wa ke ɗaukar ɗan wasan da ba ya da amfani har sau goma sha?

To, ko an bar maganar Turai, akwai bashin da ƙasar nan ba ta biya shi ba. Ranar 10 ga Oktoba 2010, a filin Seyni Kunce, Masar ta zo mana tana riƙe da kofin Afirka uku a jere, na 2006, 2008 da 2010. Aka tashi ɗaya da nema, kuma Ma'azu ya ci ta. A Satumban 2011 Mena ta doke Afirka ta Kudu 2 da 1 a filin nan. Waɗannan wasanni na gida su suka kai Nijar gasar kofin Afirka karo na farko a tarihi, a 2012 a Gabon, ƙarƙashin Haruna Dula. Kowa na tune da yadda ƴan Afirka ta Kudu suka yi ta rawa a fili suna zaton su suka wuce, ashe ƙa'idar gasar mu ta ba. A 2013 aka sake zuwa. Tun daga lokacin, Mena ba ta sake taka babbar gasar ba.

Nan ne tambayar take. Mi ya sa har yau, in ana maganar mai cin ƙwallo, sunan mutumin da aka haifa a 1988 ke fara zuwa baki? Amsarmu ita ce Ma'azu ya fita ne da baiwa da sa'a. Babu wata hanya shimfiɗaɗɗiya da ya bi, kuma bayan fitarsa ba a shimfiɗa ta ba.

Bari mu yi maganar kuɗi, don nan ne masu hannu da shuni za su saurara. A dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana cire kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba ma ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Shekarun 12 zuwa 15, kowace tana da rubu'in kashi ɗaya. Daga 16 zuwa 23, kowace tana da rabin kashi. Ku yi lissafin da ciniki irin na Ma'azu: yaron da ya yi wasa a gida daga shekara 12 har 19, ƙungiyoyinsa na gida suna da kusan kashi 3 cikin 100. A kan miliyar 3, wajen miliyan 90 ke nan na sefa, daga ciniki ɗaya. In aka sake sayar da shi, a sake biya. Tun 2022 ma FIFA ta buɗe ofis na musamman a Faris wanda ke bin diddigin waɗannan kuɗi ya aika ma masu su.

Sai dai akwai sharaɗi guda: sai an rubuta yaron. Sai yana da lasisi a hukumar ƙwallon ƙasa, da sunan ƙungiyar, shekara bayan shekara. Shekarar da ba a rubuta ba, a wurin FIFA kamar ba a yi ta ba. Malamin unguwa da ya saya ma yaro takalmi da kuɗin aljihunsa, ya koya masa tsayar da ƙwallo da ƙirji, in babu takarda, ko dala ba za ta iso hannunsa ba.

Ƴan Senegal sun gane wannan tuntuni. Makarantar Génération Foot da ke wajen Dakar ta ƙulla yarjejeniya da Metz ta Faransa. Ta nan Sadio Mane ya bi a 2011, ya wuce Salzburg, Southampton, Liverpool, Bayern, kuma a kowane ciniki doka ta ba makarantar da ta rene shi kasonta. Isma'ila Sar shi ma ta nan ya bi. A Abijan, makarantar ASEC Mimosas ta fitar da Yaya Ture da yayansa Kolo, da Jervinyo, da Salomon Kalu. Yaran Dakar da Abijan ba su fi na Zariya ko Birni ƙafa ba. Sun fi su takarda, da fili, da babba mai haƙurin jiran shekara takwas.

Yanzu ku dubi namu. A lokacin babban hutu, kowace unguwa tana da gasarta. Fili ya cika, ganga na tashi, ɗan siyasa ya zo ya ba da kofi da riguna masu ɗauke da hotonsa. Da an koma lakwal, shi ke nan, kowa ya watse sai baɗi. Yaron da ya ci ƙwallo goma a gasar nan babu inda aka rubuta sunansa. Wani ma takardar haihuwa ba ya da ita. Ranar da aka buƙace ta sai a yi masa wata cikin gaggawa, a rage shekaru, alhali hukumar CAF tana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu a gasar ƴan ƙasa da shekara 17, kuma tana korar wanda bai dace ba. Manyan ƙungiyoyin gasar ƙasa kuwa, yawancinsu a Yamai suke, na sojoji, jandarma, ƴan sanda, duwan da garde. Dan Kasawa da Jangorzo na Maraɗi, Espoir ta Damagaram da Ader ta Tawa sunaye ne da jama'a ke so, amma son baki ba ya biyan kuɗin mota zuwa wasa, balle ya riƙe ƙungiyar yara shekara guda cur.

Kar a ce mana baiwa ce babu. A 2017 ƴan ƙasa da shekara 17 na Nijar sun je gasar duniya a Indiya, suka doke Koriya ta Arewa, suka haye zagaye na biyu kafin Gana ta fitar da su. A farkon 2023, a gasar CHAN ta ƴan wasan cikin gida a Aljeriya, Mena ta doke Gana 2 da nema ta kai wasan kusa da na ƙarshe. A 2019 Maraɗi da Yamai sun karɓi gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20. Yara akwai, fili ma an gyara. Abin da ya rage shi ne gasar yara da ke gudana kowane mako, da rajista.

Kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun da babu hanya ta gaskiya, ƴan damfara sun buɗe tasu. Mutum ya zo da jaka da hotunan da ya ɗauka da Turawa, ya ce ma uba ɗanka zinari ne, kawo miliyan biyu a yi biza da tikiti. A sayar da gona ko shanu. Iyaye, ku riƙe wannan da kyau: dokar FIFA ta hana kai yaro ɗan ƙasa da shekara 18 wata ƙasa don buga ƙwallo, in ban da ƴan dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura can don aikin da bai shafi ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai kai ɗanka mai shekara 15 ƙungiyar Turai, ko dai bai san doka ba, ko ya san abin da yake yi. Ƙungiyar da ke son yaro da gaske takarda take aikowa da sunanta, ta hanyar ƙungiyarsa, ba ta neman kuɗin gonarku. Kuma kar a cire yaro daga lakwal saboda balo. Gwiwar Ma'azu ta ishe mu darasi: yana da shekara 22, rauni ɗaya ya canza masa hanya.

Mun san abin da wasu za su ce. Ƙasa na fama da matsalar tsaro, hatsi ya yi tsada, ku kuna maganar ƙwallo? Gaskiya ne akwai abin da ya fi ƙwallo gaggawa. Amma abin da muke nema ba sabon fili na miliyoyi ba ne. Rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa ta gaskiya bai kai kuɗin rigunan da ake rabawa a gasar hutu ba. Kuma kuɗin da zai dawo daga waje zai zo, babu wanda zai taɓa baitulmali.

Don haka kiranmu a fili yake. Hukumar FENIFOOT da rassanta na jihohi su sauƙaƙa lasisin yara, su kai rajista har Tasawa, Madawa, Magariya da Ƙonni, kar ta tsaya a manyan birane. Magadan gari su taimaka ma yaran da takardar haihuwa ta gaskiya, su kuma bar yanka filayen wasa ana sayarwa a matsayin fuloti. Alhazan Maraɗi da Damagaram, ku da kuka iya sayen gyaɗa ku aje har farashi ya tashi, wannan ma fatauci ne na haƙuri, kuma dokar duniya ce ke tsare muku kasonku. Masu shirya gasar hutu, kafin ku karɓi kofin ɗan siyasa, ku tambaye shi ko zai biya lasisin yara ashirin da biyun da za su buga wasan ƙarshe.

Masu zagin Ma'azu kuma, ku sassauta. Ya ci Masar a gabanmu, ya sa tutar ƙasar nan ta tashi a inda ba ta taɓa tashi ba. A yammacin yau akwai wani yaro ɗan shekara 12 da ke buga balo ba takalmi a bayan wata makaranta a Gidan Rumji ko Mirya. In kun san shi, ku tambayi mai horar da shi ko an rubuta sunansa.

Allah ya raya mana yaranmu, ya ba ƙasarmu zaman lafiya.