Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnan Katsina, Malam Dikko Umaru Raɗɗa, Kan Tamowa A Karkara

Mai Girma Gwamna,

Ranka ya daɗe, na rubuto maka ne a kan yaran karkara da tamowa ke ɗauke mana. A watan Yuli na 2025 ƙungiyar likitoci ta MSF ta bayyana cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na jiharmu cikin wata shida na farkon shekarar. Waɗanda suka samu isa asibiti ke nan. Yaron da ya cika a bayan babur kafin a kai Jibiya, da wanda aka binne a bayan ruga, babu littafin da aka rubuta su. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da yawansu 'ya'yan masu noma hatsin da muke ci ne, da masu tatsar nonon da muke sha.

Kai ɗan Raɗɗa ne, kuma aikin gona ka karanta, don haka ka san yadda shekarar manomi take juyawa. Da kaka hatsi ya yi araha, a lokacin ne kuma bashi ke tsaye a ƙofar gida: mai taki yana jira, ga kuɗin magani, ga auren 'ya. A Batsari da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara da Faskari an ƙara masa wani nauyin, wato harajin da 'yan bindiga ke ɗorawa kafin a yi shuka ko a yi girbi, ban da kuɗin fansa. Sai ya buɗe rumbu ya sayar. Kafin ruwan farko ya sauka rumbun ya yi ƙasa, ya koma kasuwa yana awon tiya-tiya na geron da ya sayar da buhu, a farashin da ya fi ƙarfinsa. Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da noma ya fi buƙatar ƙarfin jiki, gidan na kwana da kunu tsararo. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Uwar da ta wuni a gona ba ta ci ba, me za ta shayar?

Akwai kuma asarar da ba a cika maganarta ba, ita ce ta nono. Iyayenmu ba su san sunan sinadaran abinci ba, amma sun san fura da nono na riƙe yaro. Gero ya ba shi ƙarfi, nono ya gina masa jiki. Wannan abinci ya tsayu ne a kan wata tsohuwar ma'amala: in an gama girbi manomi ya gayyaci Bafulatani ya sauke shanunsa a gona, su ci kara su bar taki, a sallame shi da damin gero. Bafulatana ta ɗauko ƙwaryarta ta shigo gari da nono da man shanu, ta koma da hatsi. Satar shanu ta ruguza wannan. An kore garken makiyayi, an kwance shanun huɗar manomi. Waɗanda suka tsira da dabbobinsu sun yi nisa da gefen dajin Rugu. Bafulatanar da ta rage tana tsoron shiga kasuwa, don kada a nuna ta a ce matar ɓarayi ce. Ɗan manomi ya rasa nono, ɗan makiyayi ya rasa gero, sai su haɗu a gadon asibiti ɗaya.

Ina roƙonka, ranka ya daɗe, ka shiga ɗakin da ake kwantar da yaran nan ba tare da an yi shara da jera kujeru don zuwanka ba. Ka ga yadda ake ɗaura abin awo a damtsen yaro, ya wuce kore, ya wuce rawaya, ya tsaya a ja, ƙasa da santimita 11.5. Ka ga ƙafar da ta kumbura, a danna ta da yatsa ramin ya ƙi tashi. Gashi ya yi ja ya kakkarye, yaron ko kukan kirki ba ya iya yi. Ba ranar ciwon ya fara ba. Ya fara ne tun ranar da aka sayar da buhun ƙarshe.

Na san gwamnatinka ba ta naɗe hannu ba. Ka kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, ana kuma rabon taki da hatsi. Amma rabon da ke zuwa bayan yaro ya kwanta ya makara, kuma ƙasashen waje da muka saba jingina da su, Amurka a gaba, sun zabtare tallafinsu a 2025. Yanzu nauyin ya dawo gida.

Abin da nake nema shi ne gwamnati ta zama mai sayen hatsi da kaka a farashin da ba zai karya manomi ba, ta adana shi a ƙananan hukumomin da aka noma shi, ta fito da shi tun watan Mayu, a damƙa a hannun matan gida, don su ne suka san tukunya. Gero da gyaɗa da waken soya duk ana noma su a ƙasarmu. A saya daga manomanmu, a soya, a niƙa, a yi garin kunun yara a raba a asibitocin ƙauye kafin damtse ya kai ja. Kuɗin abincin nan na gyaɗa da ake jinyar masu tamowa mai tsanani da shi a sake su a kan lokaci, a kuma sa ido kada ya ɓulla a teburin kasuwa. Madatsun ruwa na Zobe da Jibiya a sa su yi wa ƙaramin manomi aiki da rani, ya samu wake da ganye lokacin da gona ta bushe.

Sai ruga, wadda kusan kowane shiri ke tsallakewa saboda ba ta bakin titi. A bi ta hannun arɗo, a tura ma'aikatan lafiya masu jin Fulatanci da rigakafin ƙyanda da abin awo, a koya wa iyaye mata su auna 'ya'yansu da kansu. A ja wa jami'an tsaro da 'yan sa-kai kunne cewa matar da ta ɗauko ƙwaryar nono ko ta goyo mara lafiya a bar ta ta wuce lafiya. A kare burtali daga masu cinye shi da gona, a kare gona daga masu sakin dabba cikinta.

In Allah ya kai mu kaka mai zuwa, muna so mu ji nawa aka saya, a wane rumbu aka zuba, da ranar da za a buɗe shi.

Allah ya taimake ka, ya ba ka ikon sauke wannan amana. Wassalam.

Naka,
Wani ɗan jihar Katsina