Ɗan Takara Mai Rigima da Ƴan Wutsiyar Jeri: Abin da Zaɓen 2020 Ya Nuna a Gure

Ranar 31 ga watan Maris na shekara ta 2019, babban taron jam'iyyar PNDS-Tarayya ya tsai da Malam Bazum Mohamed a birnin Yamai domin ya nemi kujerar shugaban ƙasa bayan Alhaji Mahamadu Isufu. A ƙasar Gure babu wanda ya tambaya ko wane ne shi. A Tasker ya tashi, a Gure ya yi wani ɓangare na karatunsa kafin ya wuce lise Amadu Kuran Daga ta Damagaram, kuma mazaɓar musamman ta Tasker ce ta fara aika shi majalisar dokoki a shekara ta 1993, lokacin Tasker tana ƙarƙashin Gure.

Amma fa tsayawar tasa ba ta zo lami lafiya ba. Tun farkon 2019 aka sauke Hasumi Masa'udu, babban sakataren jam'iyyar, daga muƙamin ministan kuɗi, jama'a kuwa suka ɗauki abin a kan share fage ne. Da zaɓe ya ƙarato sai ƴan hamayya suka ɗauko maganar da ta fi wannan zafi, watau asalinsa. Aya ta 47 ta tsarin mulkin 2010 ta ce sai ɗan Nijar na asali ne zai nemi shugabanci, su kuwa suka ce ba su yarda da takardar shaidar zama ɗan ƙasa da ya gabatar ba. Kotun tsarin mulki ta amince da takararsa ranar 13 ga Nuwamba 2020 cikin mutum 30, ta kuma yi watsi da ƙararrakin da suka biyo baya. Sai dai hukuncin kotu ba ya rufe bakin kasuwa. An ci gaba da maganar, kuma kowa ya san abin da ke ƙarƙashinta: Bazum Balarabe ne daga Aulad Sulaiman, al'umma ƴar ƙarama a ƙasar. Ga shi kuma babban abokin karawarsa, Alhaji Mahaman Usman, wanda ya mulki ƙasa daga 1993 zuwa 1996, ɗan Damagaram ne.

To, wa zai ɗauki wannan kaya a jahar Damagaram? Sai an dubi dokar zaɓe kafin a gane. A zaɓen 2020 gundumar Gure ba ta da kujerar kanta a majalisa. A lokacin, in ban da mazaɓar musamman ta Tasker, jahar mazaɓa ɗaya ce mai kujeru 32, kowace jam'iyya tana kawo jerin sunaye, a raba kujerun gwargwadon ƙuri'un da ta samu.  Wanda aka ajiye can wajen wutsiya, shi ne zuciyarsa ke dukan uku-uku, don kuwa ƴan dubban ƙuri'u da suka zube a Mirya ko Magarya suna iya hana ɗan Gure kujera, ko da mutanen garinsu sun fito ƙwansu da kwarkwatarsu sun zaɓe shi. Shi ne kuma mai yawon kasuwannin Gidigir da Subdu da Kelle, inda makiyayi da mai lambu suke son jin zancen rijiyoyi da na rairayin da ke binne kwaruruwan dabino da kanwa, amma dole ya fara da amsa tambaya a kan takardar wani.

A Amurka irin wannan ɗan majalisa yana da ƙofar fita. A watan Oktoba na 2016 Kelly Ayotte, ƴar majalisar dattawa daga jihar New Hampshire, ta janye goyon bayanta ga Donald Trump domin ta tsira da kujerarta, ko da yake ta faɗi da tazarar ƙuri'a kimanin dubu ɗaya. A Nijar ta lokacin ko wannan ƙofar babu. Uwar jam'iyya ce ke rubuta jeri, wanda ya yi gunaguni a tura shi ƙasa ko a share sunansa. Aya ta 87 kuma ta ce ɗan majalisar da ya fita daga jam'iyyarsa ya bar kujera ga mataimakinsa. Raƙumi da akala ke nan.

Aka yi zaɓe ranar 27 ga Disamba 2020, na shugaban ƙasa da na majalisa rana ɗaya, sakamakon kuwa ya saɓa wa lissafin masu tsoro. Bazum, wanda magoya bayansa suka yi alkawarin zai gama da kowa tun zagayen farko, ya tsaya a kashi 39,30 cikin 100, alhali Isufu ya haura kashi 48 a zagayen farko na 2016. Ita kuwa PNDS daga kujeru 75 sai ta hau 79. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa ya doka.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai jin haushin ɗan takara yana da wurin huce haushinsa, watau takardar zaɓen shugaban ƙasa. Da kotu ta hana Hama Amadu tsayawa, ya umarci mutanensa su bi Mahaman Usman, wanda ya tashi da kusan kashi 17. Amma a takardar majalisa kowa ya koma gidansu: Lumana ta samu kujeru 19, MPR-Jamhuriya 14, MNSD-Nasara 13, jam'iyyar Usman ɗin kansa, RDR-Canji, 7 kacal. Haushi ya taru a kan mutum ɗaya, ya watse a kan jam'iyyu barkatai, babbar jam'iyya mai rassa a kowane ƙauye ta kwashe riba.

A ƙasar Gure kuwa zargin takobi ne mai kaifi biyu. Manga da Tubawa da Fulani da Buzaye da Larabawa da Hausawa ne ke cin kasuwa ɗaya a can, kuma da yawa daga dattawan makiyaya an haife su ne a ruga ko a bakin rijiya, inda babu mai rubuta takardar haihuwa. Wanda ya ce a tuhumi mutumin Tasker saboda takarda, bai san iyakar waɗanda maganar ta taɓa ba. Abin da ya ja ƙuri'a a Yamai yana iya korar ta a arewacin Gure.

Sai dai an biya kuɗin rigimar daga baya. Kujeru 79 cikin 166 da aka zaɓa ba su kai rinjaye ba, ga kuma zagaye na biyu a gaba. Dole aka nemi Saini Umaru na MNSD da Albade Abuba na MPR. Suka mara wa Bazum baya, ya ci zaɓen 21 ga Fabrairu 2021 da kashi 55,66. A watan Maris shugabancin majalisar dokoki, wanda ke hannun PNDS tun 2016, ya koma hannun Saini Umaru, aka kuma raba kujerun ministoci da abokan ƙawance. Kowane muƙamin da ya tafi wajen baƙo, daga rabon ƴan gida aka yanke shi, musamman ƴan wutsiyar jerin da ba su shiga majalisa ba, suna sauraron a share musu hawaye da naɗi.

Waɗanda suka shiga ma ba su cika wa'adinsu na shekara biyar ba. Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji ƙarƙashin Janar Abdurahaman Ciyani suka tsare Bazum, suka dakatar da tsarin mulki tare da majalisar, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya.