Katin Kiran Gida: Ina Mintocin Suke Tafiya?

 

A wannan wata za mu taɓo wani al'amari da ya shafi gidaje da yawa a nan Kaduna. Daga Kawo zuwa Unguwar Rimi, daga Malali zuwa Tudun Wada, da wuya ki shiga layi ba ki samu gidan da ke da wani nasu a ƙasar waje ba. Wata maigidanta ne ya tafi ƙarin karatu Malesiya, wata ɗanta ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, wata kuma 'yarta aka aurar aka kai Jidda, ga likitoci da ma'aikatan jinya da suka koma Ingila da aiki. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, to amma idan teku ya shiga tsakani, sai murya ta ɗauki aikin ƙafa. Wannan murya kuwa da kuɗi take zuwa, kuma wanda yake can shi yake biya.

Yaran yanzu ba za su gane wahalar da iyayensu suka sha ba. Kafin shekarar 2001, layukan tarho da NITEL ke da su a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba. A unguwa guda sai ki tarar gida ɗaya ko biyu ne ke da wayar girke mai lambar Kaduna, wato 062. Na ƙasar waje zai kira gidan maƙwabta ya ce a kirawo masa Hajiya, zai sake bugowa nan da minti goma, sai a tura yaro da gudu, ita kuma ta yafa mayafi ta zo ta zauna a falon mutane tana jira. Waɗanda ba su da wannan gata sai su ɗauki magana a kaset su ba alhazai a sansanin Mando su kai wa 'yan'uwa a Makka, amsa ta dawo bayan aikin Hajji. A watan Agusta na 2001 ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, lokacin da layi kaɗai ke kaiwa naira dubu 20 ko fiye, minti ɗaya kuma naira 50. Glo ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, daga nan farashi ya fara sauka, waya ta shiga ɗakunan mata.

A can ƙasashen waje kuma, kiran Nijeriya kai-tsaye daga wayar gida yana da ɗan karen tsada, shi ya sa baƙi suka rungumi katin kira. Kati ne ɗan ƙarami da ake sayarwa a shagunan unguwannin baƙi, irin su Peckham a Landan ko Bronx a New York, na fam 5 ko dala 5 ko 10. Mutum zai kankare bayansa ya ga lambobin sirri, ya buga wata lamba ta cikin gari da aka rubuta a jiki, ya shigar da lambobin sirrin, sannan ya buga lambar Nijeriya, wato 234, ya jefar da sifirin farko na lambar wanda yake nema. Sai wata murya ta faɗa masa mintocin da suka rage. Sirrin arhar shi ne kamfanin katin yana sayen mintoci ne a sari daga manyan kamfanonin waya, ya sayar a ɗaiɗai, kamar yadda mai shago ke sayen buhun sukari ya ƙulla a leda. Kamfanin Lebara, wanda aka kafa a 2001, da irin wannan kati ya fara kasuwanci kafin ya koma sayar da layin waya.

To amma araha ba ta ado. Da yawa daga cikin katunan nan abin da aka rubuta da manyan haruffa daban, abin da mutum zai samu daban. Akwai kuɗin haɗa layi da ake cira duk lokacin da aka ɗaga waya, ko da sallama kaɗai aka yi layin ya katse. Akwai kuɗin da ake yanka duk mako da zarar an fara amfani da katin, ko an kira ko ba a kira ba. Akwai masu lissafi da minti uku-uku, wato idan kin yi maganar minti 4 sai a caje ki kuɗin minti 6. Sannan katin yana da wa'adi, idan ya cika sauran kuɗin ya bi ruwa. Galibi kuma mintocin da ake tallatawa na kiran wayar girke ne, kiran salula ya fi tsada.

Bari mu yi lissafi a matsayin misali. A ce an sayi katin dala 10 da aka rubuta masa minti 100, wato santi 10 kowane minti. Idan kuɗin haɗa layi santi 50 ne, aka yi kira shida, dala 3 ta tafi. Idan ana yankar santi 75 duk mako, katin ya yi mako biyu, dala 1 da rabi ta sake tafiya. Saura dala 5 da rabi, wato minti 55. Lissafin uku-uku ya ƙara cinye wasu, sai a iya tashi da abin da bai kai minti 50 ba. Wannan ba zargi ba ne kawai. A 2008 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta gurfanar da wasu dillalan kati a kotu bayan gwaji ya nuna katunansu kusan rabin mintocin da suka tallata suke bayarwa. A 2015 kuma hukumar sadarwar ƙasar, FCC, ta ci tarar kamfanoni shida jimillar dala miliyan 30 saboda irin wannan yaudara. Waɗanda aka fi cuta kuwa baƙi ne masu ƙaramin ƙarfi da ke neman jin muryar iyayensu.

Wata za ta ce, ai wannan tsohon zance ne, yanzu da WhatsApp muke magana har muna ganin juna. Gaskiya ne, tun da manhajar ta fara kiran murya a 2015, da na bidiyo a 2016, katin kankarewa ya ja baya ƙwarai. Hatta Skype, da ya fito a 2003 ya fara karya kasuwar katin, an rufe shi a watan Mayu na 2025. Sai dai ki duba cikin danginki da kyau. Kakar yara da ke Rigasa ko can ƙauye a Giwa ko Soba, wace irin waya ce a hannunta? Sau da yawa 'yar ƙaramar nan ce mai tocila, wadda ba ta san data ba. Duk hirar da ake yi a zauren dangi na WhatsApp, da hotunan suna da na biki, ita ba ta ciki. Wanda yake waje kuma ya saba da kiran da ba ya cin komai sai data, sai ya riƙa jin nauyin kiran da zai biya kuɗi, ya koma aika saƙo: a gaishe min da Hajiya. A haka sai a yi wata uku uwa ba ta ji muryar ɗanta ba, alhali matarsa da abokansa kullum suna tare da shi a waya. Ita kuma, musamman idan ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ta ta ce tana kewarsa ba. Iyakarta ta tambayi jikoki, "Kun ji daga babanku kuwa?"

Ga kuma ƙasashen da kiran intanet ɗin ba ya tafiya yadda muka saba. A Sin an toshe WhatsApp tun 2017, abin da 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou suka sani sarai. A Dubai ma an daɗe da toshe kiran murya ta WhatsApp, sai ta manhajojin da hukuma ta amince da su. Saboda haka katin bai mutu ba, riga ya canja. Yanzu ya koma kuɗin da ake zubawa a manhaja, ko tsarin mintocin ƙasashen waje da ake saya a kan layi, domin a kira lambar waya kai-tsaye ba tare da mai amsawa yana da data ba. Dabarun cin kuɗin nan na da kuwa, wasunsu sun biyo shi cikin sabuwar rigar.

Don haka ga abin da ya kamata ki faɗa wa naki da ke waje, ko ke kanki idan tafiya ta kama ki. Kada a dubi yawan mintocin da aka rubuta, a nemi ƙananan rubutun da ke ƙasa: akwai kuɗin haɗa layi? Akwai na mako? Da minti ɗaya ake lissafi ko da uku? Yaushe kuɗin zai mutu? A tabbata farashin na kiran salular Nijeriya ne. A fara da ɗan kaɗan a gwada, a duba agogo a ga ko abin da aka cire ya yi daidai da maganar da aka yi. Idan akwai kuɗin haɗa layi, kira ɗaya mai tsawo ya fi gajeru biyar riba. A kuma sani cewa a watan Satumba na 2022 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta tsayar da santi 10 na dala a matsayin kuɗin da ake biya kan kowane minti na kiran da ya shigo Nijeriya daga waje. Duk wanda ya yi tallar kira a ƙasa da haka nesa ba kusa ba, to a bincika ta ina yake mayar da kuɗinsa.

Mu da ke gida ma muna da namu aikin, domin rabin asarar mintoci a wajenmu take faruwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. A tsayar da rana da lokaci, a ce kowace Juma'a bayan La'asar, a kuma lura da bambancin agogo: Saudiyya tana gabanmu da awa 2, Malesiya da Sin da awa 7, Ingila daidai take da mu a lokacin zafinsu, a lokacin sanyi kuma tana bayanmu da awa 1, New York kuwa tana baya da awa 5 ko 6. A yi cajin waya tun da wuta, a san kusurwar gidan da sabis ya fi ƙarfi, a tara yara kafin waya ta yi ƙara, kada a bar bawan Allah yana biyan kuɗin jiran a nemo wanda ya tafi ɗibar ruwa. A fara ba babba. Idan Hajiya tana wani gida, ki tuna wa maigida da kanki cewa ita ma tana da ranarta. Matar da ta ce wa mijinta, "Alhaji, yau a bar namu, ka kira Hajiya, ta kwana biyu ba ta ji ka ba," ba ta yi asarar komai ba, ta ƙara wa kanta daraja ne a wajen su biyun.

Sannan a duba abin da ake zubawa cikin mintocin. Mutum yana can cikin sanyi ko zafin ƙasar mutane, ya taso daga aiki a gajiye, ya sayi minti ashirin da guminsa don ya ji sanyi a ransa, ana gama gaisuwa sai a tare shi da lissafin kuɗin makaranta, da abin da kishiya ta yi, da abin da dangin miji suka ce. Idan aka maimaita haka sau uku sau huɗu, gabansa zai riƙa faɗuwa duk ranar kira, daga nan sai kiran ya fara nisa. Buƙata dole a faɗe ta, amma a rubuta ta a saƙo, ko a ware mata nata lokacin. A bar shi ya ji karatun da yaro ya kai a Islamiyya, ya ji autar gida ta fara haɗa kalmomi, ya ji addu'ar mahaifiyarsa. Wannan ba yana nufin a ɓoye masa abu mai girma ba. Idan ciwon Baba ya yi tsanani a faɗa masa gaskiya cikin hikima tun da wuri, domin ɓoyewar tana iya hana shi zuwa ya yi ganin ƙarshe, kuma wannan ciwo ne da ba ya warkewa. Maigidan da ke da mata fiye da ɗaya kuma ya sani cewa ana ƙirga mintocinsa a gida fiye da yadda kamfanin kati ke ƙirgawa, don haka kowace ta samu nata kiran a wayarta.

Abu na ƙarshe shi ne lamba. Kiran da ya biyo ta kati ko manhaja sau da yawa yakan fito da baƙuwar lamba, wani lokaci ma lambar Nijeriya, ko ya fito babu lamba. Tsofaffinmu da aka gargaɗa kan 'yan damfara sai su ƙi ɗagawa, shi kuma yana can yana ta bugawa. Tsayar da lokaci yana maganin wannan. A ɗaya ɓangaren kuma, macuta sun san da haka, sukan kira su ce ɗanku ne ya shiga matsala a waje, a turo kuɗi yanzu-yanzu. A koya wa Hajiya ta kashe wayar ta nemi wani babba a gida, a tuntuɓi yaron ta lambar da aka sani. Kada kuma a karanta wa kowa lambobin da suka shigo waya ta saƙo, ko da ya ce daga banki yake.

Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, in ji masu iya magana. Mu mata mu ne za mu hana hakan faruwa ga namu. Yau da daddare ki tambayi kanki, wace ce a danginku ta fi daɗewa ba ta ji muryar wanda ke waje ba, sannan ki aika masa da lambarta da lokacin da za a same ta.

Allah ya tsare mana matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.