Shawara ga Iyaye: Daga Foliteknik Zuwa Jami'a

Wani uba ya rubuto mana da tambaya. Ɗansa ya gama difloma ta ND a aikin lantarki, yanzu yana son digirin injiniya. Ko sai ya koma farko ne, shekara biyun nan ta tafi a banza?

A'a, Baba, ba ta tafi a banza ba. Akwai hanyar shiga kai tsaye ta hannun hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978. Digirin injiniya a Nijeriya shekara 5 ne. Mai ND da sakamako mai kyau yakan fara daga aji biyu, saura shekara 4 ke nan.

Amma ga inda yara da yawa suke tuntuɓe. Difloma ba ta rufe giɓin takardar sakandare. Dole yaro ya sami kiredit 5, har da Turanci, Lissafi, Fizis da Kemistiri. Kowace jami'a kuma da nata sharaɗi. Wata ba ta karɓa sai mai daraja ta sama. Fannin ma ya dace. Wanda ya karanta lantarki kada ya sa rai a ɗauke shi aji biyu a aikin hanyoyi da gadoji.

Kafin ku kashe kuɗin fom, yaron ya tafi sashen da ƙafarsa, ya ga malamin da ke ba ɗalibai shawara. Ya tambaya ko hukumar COREN ta amince da kwas ɗin, gama in ba ta amince ba, rajistar zama injiniya za ta yi wuya. Takardar maki takan daɗe kafin ta fito daga foliteknik, sai a nema tun yanzu.