Na'urar Aron Zuciya da Buƙatar Mutanen Gwandu da Kalgo

Akwai wani hali da likitoci ke kira durƙushewar zuciya, wato lokacin da zuciya ta kasa tura isasshen jini zuwa ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta. Sai jiki ya yi sanyi, fitsari ya ɗauke, hankali ya gushe.

Domin ceto irin waɗannan majiyyata akan yi amfani da na'urar Ekmo. Takan zuƙo jini daga jijiyar cinya, ta fitar da gurɓatacciyar iska, ta zuba masa iskar oksijin, sannan ta mayar da shi jiki. Asalinta shi ne injin da Dokta John Gibbon ya yi tiyatar zuciya da shi a Amurka a shekarar 1953.

To, shin tana ceton rai? A 2023 Farfesa Holger Thiele na Jamus da abokan aikinsa suka bayyana sakamakon bincikensu kan majiyyata 417 da zuciyarsu ta durƙushe bayan toshewar jijiyarta. Cikin kwana 30, kimanin kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa na'urar sun rasu, su kuwa waɗanda ba a sa wa ba, kashi 49. Zubar jini ma ya fi yawa ga rukunin farko. Ashe na'urar lokaci kawai take saya wa zuciya, ba ta warkar da ita.

Wannan darasi ne ga jihar Kebbi. A ƙasar Hausa hawan jini da ciwon zuciyar masu jego suna cikin manyan abubuwan da ke raunana zuciya. Wani bincike da aka buga a 2007 ya gano ciwon na masu jego a haihuwa ɗaya cikin 102 a wani asibitin Sakkwato. Maijegon da ƙafafunta suka kumbura a ƙauyen Gwandu, numfashi yana yi mata wuya idan ta kwanta, abin da take buƙata shi ne ma'aikacin lafiya da zai gane alamun, da abin awon jini, da motar da za ta kai ta asibitin Kalgo ko na Birnin Kebbi tun da wuri. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Saboda haka ya kamata hukuma ta fara sa kuɗinta a nan kafin ta yi tunanin na'ura mai tsada. Su kuma malaman kimiyya su koya wa ɗalibai auna bugun jini da sanin waɗannan alamomi, domin sau da yawa ɗalibi ne mai karatu a gida, shi zai ce a tafi asibiti.