Ƙarfin Katangar Lambu Yana Kusurwa

Masu lambu a bakin gulbi, daga Gusau har Bunguɗu, da manoman gindin duwatsun Tsafe, suna kashe kuɗi kan katangar bulo don tare ƙasa. Ruwan Agusta na sauka, sai ta tsage daga kusurwa. To, laifin magini ne mai jan bango biyu dabam, sa'an nan ya liƙe su da siminti. Kusurwa ake fara ɗorawa, kowane bulo ya hau gaɓar na ƙasa, su sarƙe. A auna ƙafa 3 nan, ƙafa 4 can. In tsakaninsu ba 5 ba ne, ta karkace. A cika ramukan bulon kusurwa da kankare, a bar wa ruwa kafar fita. Wanda siminti ya yi wa tsada, gara ya rage tsawon katanga.